Ranar da Gwaggo Ta Ba Ni Tukunyar Miya

A gidanmu na unguwar Abakpa, in sha'ani ya taso, biki ko suna, ba mai zaɓar wa kanta aiki. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ke rabawa. Za ta zauna kan kujera 'yar tsuguno a tsakar gida, ta riƙa nuna mu da baki: wance tuwo, wance suya, wance tarbar baƙi. Abin da ta ba ki kuwa ya zama naki ke nan, har illa ma sha Allahu.

Ni yankan albasa ta ba ni tun ina sakandare. Na yi aure, na haihu, a ofis har tashi ake a gaishe ni, amma da na shigo gidan sai a turo min tire da wuƙa. Abin yana ci min rai ƙwarai. Miya nake so, babbar tukunyar nan da a kanta ake yabon gida ko a tafi ana yi da shi. Ita kuwa tana hannun babbar yayarmu.

Ranar sunan ɗan ƙanena, Yaya ta bugo waya: motar da ta hau daga Zariya ta lalace tun ba su kusa Kawo ba, balle su shigo gari. Hantsi ya dubi ludayi, nama na jira. Gwaggo ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kowa ta sunkuyar da kai, ni na ƙi.

"Ke mai zare ido, za ki iya?" in ji ta.

"Gwaggo, ai a gidana ba gaya muke ci ba."

Ta nuna min murhu. Miyan taushe za a yi. Na ci ɗamara, na ɗora nama, na dafa kabewa ta yi luguf, na bi ta da gyaɗa da yakuwa. Matar kawuna ta matso da daddawa a hannu wai a ƙara. Na ce mata da girmanta ta koma wajen suyarta.

Ina dab da saukewa Yaya ta shigo a gajiye, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo hannu za ta karɓi ludayi. Na dubi Gwaggo.

Gwaggo ta ce in ɗiga mata a tafin hannu. Ta lasa, ta sake lasa.

"Bar mata," ta ce wa Yaya. "Je ki huta, kin sha hanya. Daga yau miya tata ce."

Na juya wajen wuta don kada Yaya ta ga bakina ya ƙi rufuwa. Ko sarauta aka naɗa ni ranar, iyakar daɗin da zan ji ke nan.