Zaharias da Kwale-kwalen Mutum Shida

A Sitia, garinmu na bakin teku a ƙasar Girka, in ka tambayi inda Zaharias mai gyaran injin matsar zaitun yake, ba titi za a nuna maka ba, sama za a nuna maka. Da hantsi, in iska ta kwanta, za ka ji wata ƙara can nesa kamar ta tsohon keken ɗinki, sai wani farin jirgi ɗan mitsitsi ya ɓullo ta bayan duwatsu, yana tafe yana rangaji. To, shi ne a ciki. Masu shan kofi a bakin tashar ruwa sun ma daina ɗaga kai. Sai dai wani ya ce, "Barba-Zaharia ya fita shan iska," wato Baba Zaharias, don Barba muke ce wa dattijo, a ci gaba da buga karta.

Mutum ne da ya yi rayuwarsa hannu dumu-dumu da baƙin mai. Da ƙarfinsa ya fara ja baya, sai ya yi abin da har yau ba mu gama yi masa dariya ba: ya sayar da gonar zaitun ɗin da ya gada, ya koyi tuƙin jirgin sama da furfurarsa, ya sayi tsohon jirgi mai kujera huɗu a hannun wani likita. Me ya sa mai kujera huɗu? Ai shi ne abin. 'Ya'yansa uku duk sun watse: Manusos yana Jamus, Evanthia tana Ostareliya, autan kuma Lefteris yana nan Atina, babban birnin ƙasar, shi ya fi kusa, shi kuma aka fi daɗewa ba a gani ba. Zaharias ya ƙudurta a ransa cewa wata rana za su dawo, ya riƙa kwasarsu rukuni-rukuni yana yawo da su a sama.

Kafin ranar ta zo, shi kaɗai yake tashi. Ba ya nisa da gaɓa. Ya bi bakin tsibirin namu na Krit a hankali, inuwar jirgin tana rarrafe a kan gonaki, ta haye rufin coci, ta faɗa kwari ta sake fitowa. A irin wannan lokaci ne yake jin su a bayansa. Wallahi ji yake yi, ba wai tunani ba: Evanthia tana faɗa a kan wa zai zauna kusa da taga, wani jika da bai taɓa ɗauka ba yana tambaya ko gajimare yana da ɗanɗano. Shi kuwa sai ya amsa da ƙarfi, yana murmushi, ba ya waiwayawa. Ya san abin da zai gani in ya waiwaya.

Akwai kuma wani hali da ya gada, wanda dukkanmu muka gada. A wajenmu, tukunyar da ta ƙare daidai da cikin masu ci abin kunya ce. Dole a rage. A gidan Zaharias abin har ya wuce misali, don tun ranar da ya auro Argiro gidan cike yake: ga uwarsa, ga wata goggo da ba ta yi aure ba, ga yaran gida, ga duk wanda ƙamshi ya jawo. Tsofaffin suka rasu, yaran suka tafi, amma Zaharias bai daina sayo burodin mutum goma ba. Argiro ta raba wa maƙwabta, ta zuba wa kaji, ta yi mita har ta gaji ta bari.

Ita Argiro 'yar Kasos ce, ɗan tsibirin nan da ake hango duhunsa can arewa maso gabas in gari ya washe. Ta daɗe ba ta je ba, don jirgin ruwa yana juya mata ciki, gwiwoyinta kuma ba sa son matakalarsa. Yayarta Kalliopi ta tsufa, ta aiko cewa tana son ganinta a bikin Maryama na tsakiyar Agusta, don ba ta da tabbacin ganin na baɗi. Sai wata safiya, tana ɓare wake, Argiro ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Kai tsoho, wannan gwangwanin naka yana iya kai mutum Kasos?"

Zaharias ya kusa ƙwarewa da kofi. Matar da ko filin jirgin ba ta taɓa takawa ba!

"Kafin waken nan naki ya nuna mun sauka," in ji shi.

"To, ka kai ni. Amma ni 'yar matuƙan ruwa ce, na san tekun nan, ba shi da mutunci. Ƙafata ba za ta shiga ba sai da abin da zai ɗauke mu in ƙarfen ya gaji a hanya."

Gaskiyarta. Tsakanin Sitia da Kasos babu inda za ka sauka sai ruwa, iskar arewa kuma a watan Agusta ba ta wasa. Rigar ceto kawai ba ta isa ba, sai da kwale-kwalen roba, irin wanda ake naɗewa cikin jaka, ka fizgi igiya ya hura kansa. In babu shi, babu tafiya, Argiro ba za ta ga yayarta ba.

Nan fa Zaharias ya samu abin mafarki. Ya buga wa yaran waya ɗaya bayan ɗaya, ya ce bana a Kasos za a yi biki, kowa ya zo. Kowannensu ya ce, "Za mu gani, Baba." Shi kuwa kunnensa "muna tafe" ya ji. Ya zauna ƙarƙashin inabin tsakar gida yana zana kwale-kwalen a ransa: babba, ja, mai rumfa da tsani, kowa da wurinsa. Har mamaki ya ba kansa, don a mafarkin nasa hatsarin ma ba abin tsoro ba ne. Ga su dai duka wuri ɗaya a tsakiyar ruwa, ba inda wani zai tafi, ba jirgin da wani zai ce zai rasa.

Suka ɗauki mota zuwa Iraklion, babban birnin tsibirin, wurin wata mata mai suna Fotini, wadda sana'arta ke nan: ta sayar da kwale-kwalen ceto, ta buɗe tsofaffi ta hura ta duba, ta sake naɗewa. Shagon warin roba yake yi, ga jakunkuna jere a kan katako, manya da ƙanana.

"Na mutum nawa, Barba?" in ji Fotini.

"Shida."

Argiro ta juyo ta dube shi. "Shida? Kujera huɗu ce a jirgin naka. Sauran biyun a kan fiffike za su zauna?"

"Jikoki a cinya."

"Waɗanne jikokin? Na cikin waya?"

Ya yi kamar bai ji ba. Fotini ta janyo wata jibgegiyar jaka ta dire a gabansu. Sannan ta tambaye shi ƙofa nawa ce a jirgin. Ya ce ɗaya. Ta ce ta wane ɓangare? Ya ce ta dama, wajen fasinja.

"To, ai ba kai za ka ɗaga ba," in ji ta. "In kun faɗa ruwa, mai zama bakin ƙofa shi zai miƙa hannu baya, ya jawo jakar, ya tura ta waje, jirgin kuma ba zai tsaya jiran kowa ba. Uwargida Argiro, gwada mu gani."

Argiro ta ajiye jakar hannunta, ta kama maɗauki da hannu biyu, ta yi nishi. Jakar ta ɗan ja ƙasa ta tsaya. Ta sake gwadawa har fuskarta ta yi ja.

"Wannan ai gawar jaki ce," ta ce tana haki. "Sai dai mu nutse tare da ita."

"Zan ɗaga da kaina," in ji Zaharias. "Ni da na ɗauki injuna a kafaɗa..."

"Ta kaina za ka tsallaka? Da wannan cikin?"

Fotini ta danne dariyarta. Ta ce ko da ma sun fitar da shi, akwai wata matsalar. Nauyin mutane ne yake danne kwale-kwale a kan ruwa. Mutum biyu a na mutum shida, iska sai ta shiga ta ƙarƙashin inda ba kowa ta kife shi. Ga sanyi, don jiki ba ya taɓa jiki. Ta faɗa a hankali, ba da gatse ba: "A tebur, wurin da ba kowa ba ya cutar da kowa, Barba. A ruwa kuwa shi ke kife mutane. Ka faɗa min waɗanda za su shiga jirgin da gaske ranar bikin."

Ransa ya ɓaci, ɓaci mai tsanani. Shi za a sa ya sayi abu daidai wa daida, kamar wani marowaci? Ya ce su dai mata ba su san komai ba, ya sa hularsa ya fice. Bai yi nisa ba, don shagon yana kallon teku ne. Ya tsaya a bakin katanga, rana tana dukan ruwa har ido ba ya iya buɗewa sosai. Ya yi ƙoƙarin dawo da kwale-kwalensa ja, ya kuwa dawo, yana lilo a kan hasken, cike da mutane. Sai ya shiga duba fuskokin. Manusos ɗin da ke ciki yaro ne mai gajeren wando, alhali na gaskiya har sanƙo ya fara. Evanthia da kitsonta na 'yar makaranta. Uwarsa ma tana ciki, da baƙin ɗankwalinta. Duk wanda ya zaunar a kwale-kwalen nan, ko dai ya mutu ko ya girma ya zama wani. Ya nemi Argiro a cikinsu bai ganta ba, ashe bai ma yi mata wuri ba. Wannan ya tsorata shi, ya juya ya koma.

A can ƙuryar shagon akwai wani ɗan ƙaramin kwale-kwale da Fotini ta hura ta bari don ta ga ko yana sace iska. Launinsa ruwan lemo ne, da 'yar rumfarsa a ɗage. Takalman Argiro suna ajiye a gefensa, an jera su tsaf kamar a ƙofar ɗaki.

"Shigo, tsoho," muryarta ta fito daga ciki. "Ka cire takalmi, kada ka huda wa baiwar Allah kaya."

Ya durƙusa da ƙyar, ya rarrafa ya shiga. Wurin ya yi kaɗan, ba yadda za a yi a zauna sai gwiwa ta haɗu da gwiwa. Hasken da ke ratsa rumfar ya mai da komai ruwan zuma, har furfurarta. Ƙarar titi ta yi nisa. Ƙasan robar yana motsi kaɗan-kaɗan da numfashinsu, kamar da gaske a kan ruwa suke.

"Ba za su zo ba, Argiro," ya ce. Bai taɓa faɗa ba, ko a zuci. Hawaye ya zubo masa, bai kuma ɓoye ba. "Mu kaɗai muka rage."

"Muka rage?" Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. "Kai ke ganin ragi. Ranar da ka kawo ni gidanku, uwarka na tarar a kan tebur. Daga ita sai goggonka, sai yara, sai baƙi. Da suka tafi kuma, sai ka bi su da ranka, ka bar min gangar jiki da tulin burodi. Ina kewarsu, Allah ya sani, ni na haife su. Amma ni, Zaharia, ban taɓa samunka kai kaɗai ba. Ko yini guda. Shi na zo nema, kai kuma kana ta sayen wurin wasu."

Sai ya kama hannunta, hannun da ya yi kaushi da wankin tukwanen mutum goma, ya riƙe a kan gwiwarsa. Suka zauna haka har Fotini ta ƙwanƙwasa rumfar ta ce in kwana za su yi su faɗa, ta kawo musu bargo.

"Irin wannan za ki ba mu," in ji Zaharias daga ciki.

"Na mutum nawa zan ɗauko, Barba? Akwai wanda ya ɗan fi shi."

"Biyu."

Fotini ta sauko da wata 'yar jaka daga kan katako. Zaharias ya miƙa hannu zai karɓa, Argiro ta buge hannun. Ta ɗauka da hannu ɗaya, ta rungume a ƙirji, ta yi gaba zuwa mota tana ɗingishi, tana cewa ya yi sauri, akwai tsarabar Kalliopi da ba ta saya ba.