Azarar Macen Giginya

Shekarar da na fara bin ayarin Gwanja fataucin goro, ɗakin mahaifiyata a Maska ya soma yoyo. Tafiyar Gwanja kuwa ba ta je-ka-dawo ba ce, sai damina ta zagayo mutum bai ga gida ba. Ni kaɗai ne ɗanta namiji, dole na nemi maginin da zai sake mata rufi a bayana. Aka nuna mini wani dattijo mai farin gemu wanda sahun farko ba ya wuce shi. Ni kuma da wautata, na ɗauka mai tsoron Allah a masallaci mai tsoron Allah ne a kan katanga.

Abu ɗaya na roƙe shi. Na ce, "Baba, azarar namijin giginya nake so, ko daga ina za a ɗauko ta." Kowa a ƙasarmu ya san macen giginya laushi gare ta, gara na cin ta kamar tuwo. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba ɗana, ai tsohuwarka 'yar'uwata ce." Na ɗaure wa jakuna kaya na tafi da kwanciyar hankali.

A damina ta biyu na dawo, na tarar da Inna kwance a gidan maƙwabta. Rufin ya rufto mata ranar wani ruwan marka, ƙugunta ya karye. Na shiga kangon na ja azara ɗaya, ta ɓare a hannuna. Mace ce. Ashe shafe ta ya yi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ta yi duhu kamar namiji don kada a gane.

Ban kai shi gaban alƙali ba. Iyaka a ce ya sake rufi, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Guntun azarar nan na jefa a jakata. Duk gidan da na ji an kira shi aiki, sai in yi sallama, mu gaisa da maigida a tsanake, in miƙa masa in ce, "Malam, latsa da farce." Rani uku ina wannan. Da ya gudu garin Dayi neman aiki, na bi shi da ƙafa. A ƙarshe mutumin da ake yi wa shimfiɗa a zaure ya koma dakon ƙasa daga kududdufi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Inna ba ta sake takawa ba, da jan jiki take kai bakin ƙofa. Takan ce, "Ɗan nan, ka bar shi da Allah mana." In ce, "Inna, na bar wa Allah nasa, nawa nake karɓa."

Ranar da ta rasu, an sa ta a kabari, an jera itace, ana kwaɓa ƙasar da za a liƙe. Sai ga maginin nan ya kutso cikin mutane, ya rame, ya naɗe hannun riga ya durƙusa zai sa hannu. Na cafke wuyan hannunsa.

"Baba, sau ɗaya ka rufe ta da ƙasa. Ya isa."

Ya miƙe, ya bar wurin. Ni na liƙe kabarin da hannuna. Liman ya ce na yi abin kunya a maƙabarta, kuma gaskiya ya faɗa. Har yau ban yi nadama ba.