Kyalla da igiyar cajin Inna

Ƙaurin dalma ne ya tayar da ni daga kan tabarma, wata Laraba da hantsi, a daminar shekarar da na shiga kwalej a Malbaza. Yaya Hadiza, wadda ta zo hutu daga makarantar koyon lantarki, tana durƙushe a zaure da ƙarfe mai zafi a hannu, gabanta wani ɗan allon lantarki shuɗi da bai kai tafin hannuna ba. Saboda Kyalla take wannan wahala. Kyalla akuyata ce, kakata ta Bazaga ta ba ni ita tun ba ta iya tsayuwa sosai ba, ga shi ta koyi ture sakatar garke da hanci ta faɗa gonar waken maƙwabcinmu. Baba ya gaji da ba da haƙuri. "Ta ƙara fita, sai kasuwa," ya ce, ya hau kekensa ya nufi ma'aikatar siminti.

Dabarar Yaya ita ce, da zarar ƙofar garke ta buɗe, ɗan allon ya ji, ya sanar da tsohuwar kwamfutarta, ita kuma ta kwarma ƙara ta lasifika. Igiyar da ke haɗa su biyu ta manto a makaranta, sai ta zare ta cajin wayar Inna, tunda bakinsu iri ɗaya ne. Fitilar allon ta kama, koriya shar, muka yi guɗa. Amma kwamfuta shiru. Yini uku ina zirga-zirga tsakanin zaure da garke, ƙafafuna duk taɓo, ina buɗewa ina rufewa, Yaya tana kira, "Rabi, sake!" Ta goge umarnin da ta rubuta a kwamfutar ta sake rubutawa, ta canza ramin da take cusa igiyar, ta kashe ta kunna, ta hura bakin igiyar kamar mai hura wuta. Surfe ya tsaya, 'yar carafke ta gagare ni, ko dambun zogale ba na jin daɗinsa. Inna ta leƙo da taɓarya a hannu ta ce, "Ku da ke jiran allo ya yi magana, wa zai ɗebo mini ruwa?"

Ranar Asabar muna sunkuye kan gilashin kwamfutar, kawunanmu a haɗe, muna jiran ko da harafi ɗaya ya fito, sai muka ji maƙwabcinmu yana sallama da ƙarfi. Yana riƙe da Kyalla a kunne, ganyen wake a bakinta. Baba bai yi faɗa ba. Ranar kasuwa ya ɗaure ta a amalanke, na bi su har bakin kwalta, manyan motocin siminti suna wucewa suna rufe kukanta. Yaya ta naɗe allon a tsumma ta ce laifin kanta ne, ba ta iya ba.

Yanzu Yaya ta yi aure a Konni, ta daɗe da barin lantarki, garken ma ya zama ɗakin girki. Ni ce na bi karatun, kuma har yau ƙaurin dalma kan mayar da ni zauren nan. Sai a jami'a, ran da malaminmu ya yanka irin igiyar cajin nan ta Inna a gabanmu, na ga zare biyu ne kawai a cikinta, na wuta. Babu na kai saƙo ga kwamfuta. Aikin Yaya daidai yake tun ranar farko.