Littattafan Baba a Falon Hajiya

Shekarar da mahaifina ya rasu muna zaune can ƙasar waje, a garin Laurel, a wani gidan bene na haya kusa da tashar jirgin ƙasa. Maigidana yana aikin asibiti a Baltimore, ni kuma ina gida da yara, ina jiran takardun zama su fito. Saboda takardun nan ban samu zuwa Kano ba. A waya aka yi mini gaisuwa, a waya na sha kukana, na share hawaye na ɗora abincin rana.

Cikin kaka wani abokin maigidana ya dawo daga gida da kwali ɗaure da igiya. Mahaifiyata ce ta aiko da littattafan Hausa na Baba, waɗanda yake karanta mana bayan la'asar a ƙofar ɗakinsa. Ina buɗewa ƙamshin turarensa ya bugi hancina. Na mayar na rufe, na tura kwalin ƙarƙashin gado.

A hawan ƙasa akwai wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi, muna ce mata Hajiya. Atamfa da mayafai take sayarwa a falonta, kuma ita ta fara nuna mini shagon da ake samun manja da busasshen kifi. Hausarta ba ta raba mace da namiji: "ka" take ce mini, "ya" take ce wa 'yarta. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya kunnena ya saba.

A makon ƙarshe na Disamba aka yi mata aikin yanar ido. 'Yarta tana aikin kula da tsofaffi, irin aikin da bai san hutun ƙarshen shekara ba, don haka Hajiya takan wuni ita kaɗai. Na sauka da kunun gyaɗa na tarar da ita zaune, ido ɗaya a rufe da auduga, talabijin a kashe.

"Sannu Hajiya, ya jiki?"

"Jiki da sauƙi, 'yata. Zaman ne ya ishe ni. Likita ya ce kar in sunkuya, kar in ɗau kaya. Ba ka da wani labari ka ba ni?"

Ban san lokacin da bakina ya ce ina da littattafai ba. Na hau sama, na jawo kwalin, na zari na farko da hannuna ya taɓa ba tare da na duba ba.

Labarin wani falke ne da ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro. Tun a shafin farko Hajiya ba ta bar ni na nutse cikin tunanin Baba ba. Ba ta iya sauraro shiru. Falken zai yarda da wani dillali, sai ta buga cinya ta ce, "Wawa! Wannan zai cuce shi!" In ta ji kalmar Kanawa da ba ta sani ba ta tsayar da ni, in na fassara ta gaya mini yadda suke faɗa a zango. Wani lokaci mu yi ta gardama har kunun ya huce.

Haka muka yi ta yi kullum bayan azahar. Dusar ƙanƙara tana zuba a kan motoci a waje, hita tana ƙara, ni ina karatu, ita tana jan carbi tana sa baki.

Wata rana da muka kai inda ayarin ya haye kogi, sai ta ce in dakata. Ta gaya mini kakanta ma ta wannan hanya ya bar Katsina yana saurayi, bai sake komawa ba. Labarin rasuwar iyayensa a bakin fatake ya ji, bayan damina ta wuce.

"Kullum da asuba sai ya ambace su," ta ce. "Har ya tsufa. Kai ma haka za ka yi wa Babanka. Addu'a ba ya neman biza."

Na yi dariya, hawaye na zuba. Ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni abin da Allah Ya ba ni a shekarar, ban da wanda Ya karɓa. Na shiga lissafawa. Autata ta fara tafiya. Ciwon bayan maigidana ya lafa. Mahaifiyata tana nan da ƙafafunta, har tana faɗa da masu kawo mata gawayi. Da na fara sai ga abubuwa suna ta fitowa, waɗanda baƙin ciki ya danne ban ko waiwaye su ba.

Ranar sabuwar shekara 'yar Hajiya ta samu hutu, ta dafa wake da shinkafa irin nasu, mai ja, da baƙin yajin nan da suke kira shito. Ta kira mu duka. Maigidana ya zauna a bakin ƙofa yana gumi yana neman ruwa, yara suna yi masa dariya da Turanci. Ni kuwa na cinye nawa tas, na miƙa faranti aka ƙara mini.