Ɗigon da Ram ɗin Damagaram Ya Zo da Shi

Jama'a, wannan labari ba ji na yi ba, a hannuna ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A ƙarshen mulkin soja ne, lokacin ina ɗan shagona a Gumel, kuma ba yabon kai ba, daga Gagarawa har Maigatari in kwamfuta ta yi tari ni ake nema, don a zamanin mutane ko taɓa ta tsoro suke yi, ni kuwa buɗe cikinta nake yi da sukundireba ina shan shayina.

Akwai wani ofishin masu haƙa rijiyar burtsatse da aka kawo wa wata ƙatuwar kwamfuta ta zanen taswira, shugabarsu Madam Ladi, 'yar Filato, mace mai aiki ba wasa. Kwamfutar ta yi nauyi, na ce a ƙara mata ram, wato 'yan sandunan da take riƙe aiki a kansu muddin tana kunne. Maimakon in je Kano, sai na samu na gwanjo a kasuwar Maigatari ran Alhamis, wajen wani ɗan Damagaram mai sayar da rediyo. Na sa, na kunna, sai kuka take yi ƙit-ƙit-ƙit, in ma ta tashi ana cikin zane ta daskare. Ga motar haƙa tana jiran taswira don a tafi wani ƙauye bayan Ɗanzomo, inda aka yi ta haƙa ana samun busasshen rami.

Nan da nan magana ta zaga gari, wai na kashe injin hukuma. Madam ta kira ni ta ce, "Malam, in abin ya fi ƙarfinka faɗa mini, mu ɗauko mutum daga Kano." Maganar nan ta ƙona mini rai. Na ce mata, "Madam, in aka ɗauko ɗan Kano a kan wannan, na rufe shagona na koma noman gero."

Na zauna da kwamfutar tun hantsi, janareto na ta ruri. Na zare sandunan duka, na goge haƙoransu da magogin fensir, na hure ramukan, na dinga mayar da su bibbiyu don haka irin wannan injin yake so, ina sauya musu gurbi, har na gano sababbin ba su kai tsofaffin sauri ba. Na shiga saitin injin na rage masa gudu, sai ga ta tana aiki sumul, taswira na buɗewa kafin ka ƙifta ido. Ma'aikata suka yi ta tafi, Madam ta ce ashe Gumel ma da injiniya, ni kuwa kaina ya yi girman wannan ɗakin.

To, muna cikin murnar ne Madam ta nuna fuskar kwamfutar ta ce wa ya sa wannan ɗigon. Wani jan ɗigo ne a fili, arewa da ƙauyen, inda babu wanda ya taɓa awo a cikinsu. Na binciki injin ko cuta ce ta shigo ta faifai, babu. Na zare sababbin sandunan, ɗigo ya ɓace. Na mayar, ya dawo daidai wurinsa. Ku da kuka san aikin kun san ram ba ya riƙe komai, da an ɗauke wuta ya manta ko sunansa, balle wanda ya kwana a buhun ɗan kasuwa cikin tsofaffin batura. Abin ya ba ni tsoro, amma na dake, don ba a gaban mutanen da suka gama yi mini tafi zan nuna tsoro ba. Na ce injin da na gyara ba ya ƙarya, a je a gani.

Washegari da rana tsaka muka isa wurin, fili ne fetal sai wata bishiyar gawo guda, a gindinta wani tsohon Bafulatani da shanunsa. Na yi masa sallama na ce, "Baffa, sannu da hutawa." Ko mamakin ganinmu bai yi ba, ya ce, "Kun daɗe, 'ya'yana. Ai ya ce za a zo." Madam ta tambaye shi wa ya ce. Ya ce wani dogon mutum ne daga ƙetaren iyaka, da sandar awo, shekarun baya ya tsaya a nan ya ce akwai ruwa, ko bai dawo ba zai aiko. Ya nuna mana wani turke da ya ce mutumin ne ya kafa, duk gara ta ci shi.

Aka kafa motar haƙa a kan turken, kuma ina tsaye ruwa ya feso, mata na guɗa. Tun daga ranar babu mai kirana da sunana a ƙasar nan sai Injiniya, kuma ban ƙi ba, don gyaran dai ni na yi shi.

Alhamis ta zagayo na koma wajen ɗan Damagaram na tambaye shi asalin kayan. Ya ce daga biro, wato ofishin wani ma'aikacin ruwa na can ƙetaren iyaka, aka kwaso su, bayan ya rasu a hatsarin mota. Na ce yaushe, ya ce an fi shekara biyar, kuma injinsa ƙonewa ya yi, sandunan nan kaɗai aka tsira da su.

Na dai sa an yi wa mamacin addu'a a masallacinmu. Shawarata gare ku, in za ku sayi kayan gwanjo ku tambayi na wane ne, ku yi wa mai shi addu'a kafin ku kunna, don wani ya tafi ne bai gama aikinsa ba.