Maigadi a shagon katifa

Yayana katifa yake yi. Shagonsa yana tsakanin na wani kafinta da na mai gyaran fanka, kuma tun daga bakin titi za ka jiyo warin gam da sabon soso. Shi ke yanka soson, shi ke ɗinka masa riga a tsohon kekensa, shi ke ɗaure wa mai saye a saman mota. Kaf danginmu babu wanda ya kai shi iya barci. Ya taɓa yin barci a tsaye a layin asibiti har aka tsallake shi. Idan wani ya zo yana kukan jariri ya hana shi runtsawa, sai Yaya ya gyara tef ɗin awo da ke rataye a wuyansa ya ce, "Ba laifin yaro ba ne. Ku duba shimfiɗarsa."

Bai yi aure da wuri ba, da ya yi kuma haihuwa ta ɗan jinkirta. Don haka da matarsa, wadda muke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, ta samu ciki, Yaya ya ware soson da ya fi kowanne kyau ya yi wata 'yar katifa mai riga da zanen agwagi. Kullum sai ya danna ta da tafin hannu ya gyaɗa kai.

Aka haifi mace, kyakkyawa, mai manyan idanu, kuma idanun nan a buɗe suke wuni suke kwana. Da bayanta ya taɓa katifar agwagi sai ta zabura kamar an tsikare ta. Yaya ya ce soson ya yi tauri, ya canza. Ya ce ya yi laushi, ya sake canzawa. Ya canza riga, ya canza wajen da gadon yake. Mamanmu ce ta zo ta zauna tana kallon jikarta tana ta zare ido, ta ce, "Ku daina wahalar da soso. Maigadi Allah ya ba ku, ba sai kun sa kwaɗo a ƙofa ba." Sunan ya bi ta har yau.

Wuri ɗaya Maigadi ta yarda ta yi barci: kafaɗar ubanta, shi ma sai yana tsaye yana kai da kawo. Na sha zuwa gidan in tarar da shi yana zagaya falo, yana lanƙwasa gwiwa a hankali a hankali don ya kai mazaunansa kan kujera ba ta sani ba. Da ya taɓa kujerar sai ido ɗaya ya buɗe. Sai ya miƙe kamar ɗalibin da aka kama yana gyangyaɗi, ya ci gaba da zagaye.

Da hutun Malama ya ƙare, aka rasa mai riƙo da safe. Mama gwiwa ta hana ta, ni kuma ina zuwa aiki. Yaya ya ce zai tafi da ita shago har a tashi daga makaranta. Ya ɗinka abin goyo da ragowar yadin kujera, mai ƙarfi kamar za a ɗauki buhun siminti, ya rataya ta a ƙirji. Ranar farko Kafinta ya leƙo ya ce, "Barka da goyo, uwar ɗiya. Ya ruwan nono?"

"Ka dai rage ƙarar zarton nan," in ji Yaya.

A haka ya koyi yanka yadi da hannu ɗaya, da taka keke yana jijjiga kafaɗa. A shagon ta fara juyawa, a nan ta fara zama. Sai aka zo kan rarrafe, ta ce ba da ita ba. Ɗan mai gyaran fanka, wanda wata ɗaya aka haife su, tuni ya gama zagaye ɗakin uwarsa, kuma uban ba ya gajiya da ba da labari. Abin ya shiga ran Yaya. Ya tambayi ma'aikaciyar jinya ranar awo, ta ce kowane yaro da lokacinsa. Bai gamsu ba. Wata mata ta zo sayen filo ta same shi durƙushe a ƙasa, hannu da gwiwa, yana nuna wa 'yarsa yadda ake yi, ita kuwa tana zaune tana tsotsar yatsa tana kallonsa. Matar ta ce ko ta dawo in ya gama.

Makon da haƙoranta na sama suka fara tsagowa, babu wanda ya yi barcin kirki a gidan. Wata safiya ya zaunar da ita a kan tabarma da 'yan ƙyallaye, ya kwanta a kan wata katifa da aka dawo da ita don ya ji inda aka ce ta lotsa. Abin da ya sani ke nan. Da ya buɗe ido, Kafinta ne tsaye a kansa riƙe da Maigadi, gwiwoyinta duk garin katako.

"Ta zo zagaye," in ji Kafinta. "Mun gaya mata komai lafiya a ɓangarenmu."

Ashe ta rarrafa ta fita daga shagon, ta bi baranda har ƙofar Kafinta, mutanen layin suna tsaye suna yi mata tafi. Kowa ya gani sai uban. Amma Yaya bai yi dariya ba. Ya karɓe ta, ya buɗe bakinta, ya buɗe tafin hannuwanta ɗaya bayan ɗaya yana neman ƙusa. Ranar bai ƙara ɗinki ba. Ya share shagon lungu lungu, ya kwashe allurai da almakashi ya kai sama, sannan shi da Kafinta suka haɗa mata ɗan shinge na katako suka liƙa soso ta ciki.

Da yamma ya faɗa wa Malama komai, bai rage ba. Ina gidan. Na zaci za ta yi faɗa. Ta daɗe tana shafa kan yarinyar, sannan ta ce, "Kai ko ba ka gani ba, kana wurin. Ni kullum sai na dawo a ce min ta yi kaza." Daga ranar suka raba dare biyu, mai hutu ya tafi falo ya rufe ƙofa, kuma abin ya ɗan yi sauƙi.

Bayan wasu watanni Yaya ya kira ni a waya da rana tsaka, murya ƙasa ƙasa. "Ƙanwata, ta taka. Ta saki shingen ta zo har gindin keke. Kada ki faɗa wa Malama. So nake ta gani da idonta a gida, ta ɗauka shi ne na farko. Na roƙi Kafinta ya kama bakinsa."

Na ce to. Abin da ban gaya masa ba shi ne, tun ƙarshen makon da ya wuce Malama ta ja ni kicin ta ce, "Ta taka ɗazu, daga gado zuwa ƙofa, yana banɗaki. Kada ki faɗa wa yayanki. Rarrafen ya wuce shi, bari wannan ya zama nasa."

Haka na yi kwanaki ina ɗauke da sirri biyu. Kullum da yamma su tsayar da ita a tsakiyar falo, wannan ya miƙa hannu, waccan ta miƙa hannu, Maigadi ta dube su ta zauna daɓas. Sai ran nan da na je da wani ƙaramin balan-balan ja, na ajiye a kan tebur. Ta saki ƙafar kujera, ta wuce uwar, ta wuce uban, tana tangaɗi har wajen teburin.

Ban taɓa ganin mamakin ƙarya irin na ranar ba. Yaya ya dafe ƙirji ya ce, "Ikon Allah," kamar mai karanta allon talla. Malama ta rufe baki da hannu biyu tana satar kallonsa. Sai suka haɗa ido.

"Yaushe?" in ji Malama.

"Kwana huɗu ke nan. Ke fa?"

"Na riga ka."

Suka juyo kaina a tare. Na ce ni balan-balan kawai na kawo. Malama ta yi dariya har da hawaye, Yaya kuwa ya tsaya yana ƙorafin cewa har lemo ya saya wa Kafinta don ya yi shiru.

Yanzu Maigadi gudu take yi, kuma shingen ya zama wajen ajiye ragowar yadi, don ta koyi haure shi. Ta fara magana, kalmarta ta farko "a'a" ce, kuma ba ta raba ta da baki. Jiya na biya shagon na same ta ta ja tef ɗin awo ta naɗe ƙafar wani mai saye, Yaya yana durƙushe yana warwarewa yana ba shi haƙuri, mutumin yana cewa a bar ta ta gama awon.