Ta Bubbuga, Bai Saki Ba

Masta kowa ke ce masa, har jikokinsa. Da rana walda yake yi, da yamma ya hau benen da ke saman shagon masu faci, inda yake koyar da kareti tun gashin kansa yana baƙi wuluk. Ɗakin nan kada ka so ka shige shi lokacin zafi: warin gumi, warin ƙafa, ga katifun roba da suka fi tayoyin ƙasa shan faci. Shi kam bai taɓa jin warin ba. Abin da ke tayar masa da zuciya shi ne ƙato ya hawo yana hura hanci, wai a koya masa karya haƙarƙarin mutum. Irin waɗannan tsintsiya yake miƙa musu, su yi ta shara har su gaji su daina zuwa.

Sana'ar ta ci jikinsa. Yatsunsa sun karkace, gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa sai da lallashi. Ya yaye direbobi, masu gadi, da 'yan mata masu bin lungu in an tashi daga makaranta. Amma duk cikinsu babu wanda ya shiga ransa kamar wanda ake kira Guduma. Yana ɗan tsamurmuri ya zo, Masta da hannunsa ya ɗaura masa baƙin bel. Da Guduma ya ce yana son autar Masta, ita ma ta ce tana so, har rawa tsohon ya taka da gurguwar gwiwarsa. Ya kuma gaya wa kowa cewa Guduma zai bar wa ɗakin.

Bayan an yi aure ta tare, wata safiya sai ga Auta ta shigo gida, hannun dama naɗe a mayafi. Tela ce, ga shi ko almakashi ba ta iya riƙewa. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Uwarta ta yarda, amma Masta ya ce ta kwance ya gani. Wuyan hannun ya kumbura suntum, ga shatin babban yatsa a bayan tafin, daidai inda shi yake koya wa ɗalibansa su danna in za su murɗe hannu.

"Wa ya yi miki wannan kamun?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Baba, na bubbuga fa."

Dokar ɗakin Masta ke nan, ita ce farkon abin da ake koya wa kowa: in an kama ka, zafi ya kai maka, sai ka bubbuga katifa ko jikin abokinka, shi kuma ya sake ka nan take. Auta a kan katifun nan ta yi rarrafe, ta san dokar tun ba ta iya magana ba.

"Ina durƙushe a kicin ina ta bubbuga masa cinya kamar wata sakara," in ji ta. "Bai saki ba."



Sai 'yan ba-haƙuri suka fara sintiri. Kawunnan Guduma, abokansa, har da wata gwaggon Auta da ba a taɓa gani ba sai in ana rabon abinci. Bakinsu ɗaya: sharrin shaiɗan ne, zuciya ce ta ɗebe shi, idonsa ya rufe, wallahi bai ma ji tana bubbugawa ba. Wai ta koma ɗakin mijinta kawai. Tir! Ko mutum ɗaya bai ce ta miƙo hannun ya duba ba. Abin takaicin ma, Masta da kansa ya fara sassautowa. In ya kori Guduma, wa zai riƙe ɗakin? Kuma ai mai fushi yakan rasa ji. Da ya kama kansa yana wannan tunani, sai ya ji ƙyamar kansa ta fi ta kowa.

Da yamma ya ja ƙafa ya hau benen. Guduma na tsaye gaban ɗalibai, kayansa fari tas, yana ganinsa ya rusuna har kamar zai taɓa ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Miƙo hannunka, mu nuna musu kamun wuyan hannu."

Guduma ya miƙa. Masta ya cafke, ya danna, ya murɗe, sai ga ƙaton a gwiwa. Tsohon ya riga ya ƙudura a ransa tun daga matakala cewa yau ba zai saki ba, sai ya ji ƙashi ya yi ƙara. Idonsa ya rufe da gaske. Guduma ya kai hannun hagu ya bubbuga katifa.

Kafin Masta ya yi wani tunani, yatsunsa sun buɗe da kansu.

Ya tsaya yana kallon tafin hannunsa. Duk wannan fushin, duk wannan niyyar, hannun bai saurare shi ba. Wanda ya tashi a ɗakin nan ba ya buƙatar hankalinsa kafin ya saki. Sai dai in ya ji, ya danne hannun da gangan.

"Ashe ka ji ta," in ji Masta.

"Baba, wallahi zuciya ce..."

"Kada ka ƙara ce mini Baba. Allah wadanka. Kwance bel ɗin nan ka ajiye."

Ya sallami ɗalibai, ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya sauko a hankali yana dafa bango. A gida ya tarar gwaggo ta riga ta ɗaure wa Auta kayanta a bakin ƙofa. Ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki ƙullin, ya mayar ciki.